Jagora ga Ɗalibin Ƙasar Waje Mai Shiga Digiri na Biyu na Haɗin Gwiwa a Fannin Taswira da GIS a Turai

GIS shi ne tsarin tattarawa da nazarin bayanan wurare a kwamfuta. A irin wannan digiri, jami'o'i uku ko huɗu na ƙasashe daban-daban ne suke haɗa kai su tsara karatu guda, ɗalibi kuma ya riƙa bin su zango bayan zango. Kafin ka gama sanin hanyar zuwa aji a garin farko, lokacin ɗaure kaya ya yi. Wannan ƙaura ita ce daɗin shirin, kuma ita ce wahalarsa. A ganina, abin da ya fi kayar da ɗalibai ba karatun kansa ba ne. Izinin zama ne da ya ƙare ba a lura ba, ko ɗakin da ba a samu ba a gari na biyu, ko darasin rubuta lambobin kwamfuta da aka fara alhali mutum bai taɓa buɗe Python ba, wato yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Don haka duk abin da ke tafe a kan shawara ɗaya yake: aikin zango mai zuwa, tun a wannan zangon ake fara shi.

Mataki na farko: ka san inda shirin zai bi da kai

Sunayen shirye-shiryen sun yi kama da juna, amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Akwai na fasahar bayanan wurare wanda Jami'ar Münster ta Jamus, da NOVA ta Lisbon a Fotugal, da Jaume I ta Castellón a Sifaniya suke gudanarwa tun 2007. Zango uku ne: na farko a Lisbon ko Castellón, na biyu a Münster, na uku kuma na rubuta kundin bincike ne a ɗaya daga cikin jami'o'in. Akwai na ilimin zana taswira, wanda ake farawa a Munich ta Jamus, a wuce Vienna ta Ostiriya, sannan Dresden ta Jamus, zango na huɗu kuma a yi kundi a ɗayansu ko a Jami'ar Twente ta ƙasar Holan. Akwai kuma na Copernicus, inda ake shekarar farko a Salzburg ta Ostiriya, a yi ta biyu a Olomouc ta Jamhuriyar Cek ko a Jami'ar Bretagne Sud ta Faransa.

Ka duba abu biyu. Na farko, yawan kiredit, wato ma'aunin nauyin karatu. A tsarin ECTS na Turai zango ɗaya kiredit 30 ne, kowane kiredit kuma yana nufin aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da za ka yi kai kaɗai. Shirin zango uku yana ba da 90, na zango huɗu 120. Wanda ke da burin digiri na uku ya lura da wannan, domin wasu jami'o'i suna haɗa kiredit ɗin digirin farko da na biyu su nemi jimillar 300. Na biyu, ka tambaya wace irin takarda ake bayarwa a ƙarshe: guda ɗaya ce mai ɗauke da hatimin dukan jami'o'in, ko kowace za ta ba da tata. Ranar da za ka kai takardar a tantance a ƙasarka za ka san amfanin wannan tambaya.

Mataki na biyu: takardun nema

Galibin shirye-shiryen suna buɗe ƙofar nema tsakanin Oktoba da Janairu don karatun da za a fara a Satumba ko Oktoba mai zuwa. Abubuwan da ake nema sanannu ne: takardar digirin farko, takardar sakamakon darussa, shaidar iya Turancin Ingilishi, wasiƙun malamai masu ba da shaida, tarihin karatu da aiki, da wasiƙar bayyana manufa. Sakamakon jarrabawar Ingilishi ta IELTS da TOEFL shekara biyu yake aiki, saboda haka ka lissafa kada naka ya mutu kafin ranar rufewa. Idan takardunka ba da Ingilishi suke ba, sai an kai wa mai fassara mai lasisi. Wasu jami'o'in suna neman hatimin afostil na yarjejeniyar Hague ta 1961, wanda ke tabbatar wa ƙasar waje cewa takardar ta gaskiya ce. Idan ƙasarka ba ta cikin yarjejeniyar, sai an bi ta ma'aikatar ilimi, da ta harkokin waje, da ofishin jakadancin ƙasar da za ka je. Wannan zagaye yana cin makonni, don haka da shi ake farawa.

Wasiƙar manufa ita ce inda mutane da yawa suke zubar da damarsu. Masu tantancewa sun gaji da karanta cewa mai nema yana son taswira tun yana yaro. Ka ba su aiki guda da ka yi da hannunka. Ka ce, alal misali, ka ɗauki hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru biyu daban-daban don auna yadda gine-gine suka cinye gonaki a gefen wani gari, ka raba ƙasar gida huɗu, amma kwamfuta ta riƙa ɗaukar busasshen fili a matsayin rufin gida, kai kuma ba ka san yadda ake auna girman wannan kuskure ba. Daga nan ka nuna wane darasi a shirinsu ne zai koya maka abin da ya gagare ka. Wanda ya faɗi iyakar saninsa ta wannan hanya ya nuna cewa ya taɓa aikin da gaske.

Mataki na uku: lissafin kuɗi

Tarayyar Turai ta fara shirin Erasmus Mundus, mai tallafa wa irin waɗannan digirori da ɗalibansu, a 2004. A tsarinsa na 2021 zuwa 2027, wanda ya sami tallafin yana karɓar yuro 1,400 duk wata har tsawon wata 24, ba ya biyan kuɗin makaranta, ana kuma yi masa inshorar lafiya. Sai dai ba kowace shekara kowane shiri yake da wannan tallafi ba, domin kuɗin na wa'adi ne, ana sabuntawa. Ka karanta sanarwar shekarar da kake nema, kada ka dogara da labarin wanda ya yi shekaru biyar da suka wuce. Wanda ya taɓa cin tallafin sau ɗaya kuma ba a sake ba shi.

Ko ka sami tallafin, kada ka taho hannu rabbana. Kuɗin jirgi, da na biza, da hayar watan farko, da kuɗin ajiya na mai gida, duk daga aljihunka za su fita, domin sau da yawa kuɗin farko ba ya shigowa sai ka iso, ka yi rajista, ka buɗe asusun banki. Ka tanadi abin da zai riƙe ka wata biyu. Wanda zai ɗauki nauyin kansa kuwa, Jamus tana neman shaidar kuɗin zama, yawanci ta hanyar kulallen asusu. Daga Satumban 2024 adadin ya kai yuro 11,904 na shekara, ana sakar wa ɗalibi 992 kowane wata. Adadin yana canzawa, ka tabbatar da na yanzu a ofishin jakadanci.

Mataki na huɗu: biza da izinin zama

Bizar yawon buɗe ido ta Schengen, wato yankin ƙasashen Turai da suka ɗauke binciken kan iyaka a tsakaninsu, kwana 90 kawai take bayarwa cikin kowane kwana 180, ba da ita ake karatu ba. Abin da kake nema shi ne bizar dogon zama, mai harafin D, ta ƙasar da za ka fara zango a cikinta. Ranar da wasiƙar karɓa ta iso, ranar za ka nemi layin ganawa a ofishin jakadanci. Ka duba fasfonka: idan zai ƙare a tsakiyar karatu, ka sabunta shi tun kana gida.

Ga inda digirin haɗin gwiwa ya bambanta. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2016/801 ta ba ɗalibin da ke cikin irin wannan shiri damar zuwa ƙasa ta biyu ya yi karatu har kwana 360 da izinin zaman ƙasar farko. A Jamus, jami'ar da za ta karɓe ka ita ce ke sanar da hukumar kula da baƙi ta tarayya kafin ka shigo. Amma akwai sharaɗi: dole izinin naka na karatu ne, kuma yana da rai har ƙarshen zaman da za ka yi a ƙasa ta biyu. Idan katin da Sifaniya ko Fotugal za ta ba ka bai fito ba kafin ranar tafiya, ko kuwa zai ƙare kana tsakiyar zango a Jamus, wannan hanya ta toshe, sai a nemi wata. Ƙasashen Ailan da Denmak ba sa cikin wannan doka.

Abin yi shi ne ka zauna da jami'in shirin a makon farko, ka ajiye masa kwanakin da ke kan bizarka da kwanakin zangon gaba, ka tambaye shi ta wace hanya 'yan ajin bara suka bi. Kada ka fita daga yankin Schengen alhali takardarka tana hannun hukuma ana sabuntawa, sai ka karɓi shaidar da za ta ba ka damar dawowa.

Mataki na biyar: shirin da za ka yi tun kana gida

Nan ne na fi so ɗalibi ya ba da ƙarfinsa, domin watannin da ke tsakanin samun gurbi da tashi su ne kaɗai lokacin da yake da sarari. Ajin da za ka shiga gauraye ne: akwai masu digirin labarin ƙasa, da safiyo, da kimiyyar kwamfuta, da gandun daji, da tsara birane. Wanda ya fito daga labarin ƙasa yakan sha wuya a rubuta lambobi, ɗan kwamfuta kuma yakan rikice a ma'aunin taswira. Ka san gurgun ɓangarenka, ka fara da shi.

Idan lambobi ne matsalarka, ka koyi Python har ka iya buɗe fayil, ka tace layuka, ka rubuta ɗan aikin da zai maimaita kansa a kan fayiloli hamsin. Ka ƙara da SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, domin za ka haɗu da rumbun bayanai na PostgreSQL da ƙarinsa PostGIS mai kula da bayanan wurare. Ka koyi Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki, ko da ajiye aiki da dawo da tsohon kwafi ne kawai. Ka kuma waiwayi ƙididdiga: matsakaici, bambanci, dangantaka tsakanin abubuwa biyu, da gwajin hasashe. Darasin ƙididdigar wurare a kan waɗannan yake hawa, kuma yawanci da yaren kwamfuta na R ake yin sa.

Idan kuwa taswira ce baƙuwarka, ka sauke manhajar taswira ta QGIS, kyauta ce, ka zauna da batun tsarin ma'auni har ya zauna maka. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuma shimfiɗaɗɗiya, kamar ɓawon lemo ne da ba ya kwanciya a faranti sai ya yage ko ya miƙe. Kowace taswira ta zaɓi abin da za ta ɓata: girma, ko siffa, ko nisa. Tsarin WGS84 da GPS ke amfani da shi, mai lamba EPSG:4326 a jerin tsare-tsaren ma'auni, da digiri yake awo, ba da mita ba. Gwada wannan da kanka: ka ɗora wuraren asibitoci a wannan tsari, ka ce wa manhaja ta zana da'irar 500 kewaye da kowanne, kana nufin mita. Idan ta ɗauka digiri kake nufi, za ka ga da'irar ta rufe duniya gaba ɗaya, domin digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. Maganin shi ne ka mayar da bayanan zuwa tsarin da ke awo da mita, kamar UTM, wanda ya raba duniya shiyya 60, kowace mai faɗin digiri 6. A Münster za ka yi ta cin karo da EPSG:25832, wato shiyya ta 32 a kan ma'aunin Turai na ETRS89. Shi kuma tsarin da taswirorin intanet ke amfani da shi, EPSG:3857, kada ka taɓa auna faɗin fili da shi. Shi ne ke nuna tsibirin Girinlan kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

Sannan ka saba da hotunan taurarin ɗan'adam. Landsat na Amurka yana ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, an buɗe rumbunsa kyauta a 2008, kuma a hotunansa na yanzu kowane ɗigo yana wakiltar mita 30. Sentinel-2 na Copernicus, shirin Tarayyar Turai na lura da doron ƙasa, wanda aka harba na farkonsa a 2015, yana kaiwa mita 10, yana kuma komowa wuri guda kusan duk kwana 5. Sentinel-1 da rada yake aiki, don haka gajimare ba ya tare masa gani, shi ya sa ake dogara da shi wajen bin ambaliya. Ka sauke hoto ɗaya na Sentinel-2, ka lissafa ma'aunin koren tsiro na NDVI daga jan haske da hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, ka ga yadda gona ke bambanta da kwalta. Wanda ya yi wannan sau ɗaya a gida ba zai firgita a makon farko ba.

Game da kwamfuta: ka nemi mai RAM na gigabayit 16 idan hali ya yi, da faifan ajiya na waje, domin hotunan nan suna da nauyi. Manhajar taswira ta ArcGIS Pro a kan Windows kaɗai take aiki, masu Mac su sani.

Mataki na shida: kwanakin farko bayan sauka

Kowace ƙasa da nata wa'adin, kuma takardun a sarƙe suke, wata ba ta fitowa sai da wata. A Ostiriya kwana 3 ake ba ka ka yi rajistar adireshinka. A Jamus mako 2 ne, ana kiran rajistar Anmeldung, kuma ba a yin ta sai da takardar shaida daga mai gida. A Sifaniya za ka yi rajista a ƙaramar hukuma, sannan ka nemi katin baƙi na TIE cikin wata guda da shigowarka. A Fotugal lambar haraji ta NIF ce mabuɗin haya da banki, izinin zama kuma yana hannun hukumar AIMA, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kula da baƙi ta SEF a Oktoban 2023.

Asusun bankin da ka buɗe a ƙasar farko kada ka rufe shi idan za ka ƙaura. Lambar IBAN ɗinsa, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa, tana aiki a sauran ƙasashen da ke kashe yuro. Mai zuwa Olomouc dai ya tuna kuɗin Cek koruna ne. Lambar gaggawa a duk Tarayyar Turai 112 ce. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a intanet, ka kuma riƙe na asali a jakar hannu duk lokacin tafiya.

Mataki na bakwai: ɗakin gari na biyu

A watan farko na zangon farko ake neman sa. Garuruwan jami'a irin su Munich da Münster da Lisbon ɗaki yana wuya a cikinsu, mai neman hayar wata biyar ko shida kuma shi ne na ƙarshe a layin masu gida. A Jamus, ka cike fom ɗin gidajen ɗalibai na Studierendenwerk, hukumar kula da jin daɗin ɗalibai, da zarar ka sami shaidar gurbi. Ka nemi 'yan ajin da ke gabanka, domin ɗakin da suke shirin bari shi ne mafi sauƙin samu.

'Yan damfara sun san ɗalibin da ke nesa a matse yake. Salonsu kusan ɗaya ne: ɗaki mai kyau, farashi mai rahusa, mai gida ya yi tafiya, a turo kuɗi zai aiko da makulli. Kada ka tura ko sisi sai an zagaya da kai ɗakin ta bidiyo kai tsaye, ko wani ɗan aji ya je ya gani, kuma ka karanta yarjejeniya. A dokar Jamus kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata uku, ban da kuɗin ruwa da ɗumama ɗaki. Ka tambayi mai gida tun farko ko zai ba ka takardar rajista. Idan ya ƙi, ka bar ɗakin komai kyansa. Akwai kuma harajin rediyo da talabijin na yuro 18.36 a wata kan kowane gida, masu zama tare sukan raba shi.

Mataki na takwas: aji da maki

Maki ɗaya ma'anarsa daban a kowace ƙasa. A Jamus 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 ne iyakar tsira. A Sifaniya daga 0 zuwa 10 ne, ana tsira da 5. A Fotugal daga 0 zuwa 20, ana tsira da 10. Ka nemi jadawalin da shirin ke amfani da shi wajen daidaita su. A jami'o'in Jamus da Ostiriya kuma, halartar darasi ba ya nufin an sa sunanka a jarrabawa. Rajistarta daban ce, kuma tana da ranar rufewa.

Yawancin aikin na rukuni ne. Ka guji zama mai rubuta rahoto kullum alhali wani na rubuta lambobin, domin haka za ka kammala ba ka koyi abin da ya kawo ka ba. Ka karɓi ɓangaren da kake tsoro. Kwafar aikin wani ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne da ke iya kai ga kora, kuma ya shafi lambobin kwamfuta da taswira da bayanai, ba rubutu kaɗai ba. Ko bayanan OpenStreetMap, taswirar intanet ta 'yan sa kai, da kowa ke ɗauka kyauta, lasisinsu ya wajabta a ambaci tushensu. Ka tambayi kowane malami ƙa'idarsa kan amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira.

Fayilolinka ma su zama masu iya ƙaura. Idan ka bar jami'a, wata rana za a rufe maka imel da ma'ajiyarta da lasisin manhajojinta. Ka kwashe aikinka kafin tafiya. Ka fi son ajiye bayanan taswira a nau'in fayil na GeoPackage a kan tsohon nau'in shapefile, wanda ke yanke sunan kowane shafi zuwa harafi 10, ba ya kuma wuce gigabayit 2.

Mataki na tara: kundin bincike

Zango ɗaya ne kacal, wata biyar zuwa shida, saboda haka batun da malamin da zai duba aikin tun a zangon da ya gabata ake samo su. A yawancin shirye-shiryen akwai babban mai dubawa daga jami'a ɗaya da mataimaki daga wata. Ka haɗa su a ganawa guda tun farko, a amince da tambayar binciken a rubuce, don kada a watan ƙarshe kowa ya ja ka gefensa.

Kafin ka ƙulla wa batu aure, ka tabbatar bayanan suna hannunka. Ɗalibai da yawa suna so su yi bincike a kan ƙasarsu, kuma abu ne mai kyau, amma alkawarin cewa wani ofishi zai turo bayanai ba bayanai ba ne. Ka gina aikin a kan abin da za ka iya saukewa yau, abin da aka yi maka alkawari ya zama ƙari. Ka kuma tanadi bayanan da za ka gwada sahihancin sakamakonka da su, domin tambayar farko a ranar kare kundi ita ce yaya aka yi ka san taswirarka daidai ce. Idan aikin ya shafi sawun wayar mutane ko adireshinsu, dokar kare bayanan sirri ta GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta hau kanka, sai ka nemi izinin kwamitin ɗa'a na jami'a da wuri.

Mataki na goma: aiki da abin da ke bayan kammalawa

A Jamus, tun Maris 2024 ɗalibin waje yana iya aikin cikakkun kwanaki 140 ko rabin kwanaki 280 a shekara. Idan za ka yi, ka nemi na mataimakin bincike a sashenku, shi ne ke ƙara maka sani da kusanci da malamai. Masu tallafi su duba yarjejeniyarsu tukuna.

Inda ka zaɓa ka rubuta kundi yana da tasiri a kan inda za ka iya tsayawa neman aiki. Dokar 2016/801 ta ce a ba wanda ya kammala aƙalla wata 9 na neman aiki ko kafa sana'a, Jamus kuma tana ba da har wata 18 ga wanda ya kammala a jami'arta. Ana neman wannan izini ne kafin na karatu ya ƙare. Takardar digirin haɗin gwiwa takan yi jinkirin fitowa saboda sa hannun shugabannin jami'o'i da yawa, don haka ranar da ka kare kundi ka nemi takardar shaidar kammalawa ta wucin gadi. Ka karɓi ƙarin bayanin digiri da ake haɗawa da takardar, wanda ke fayyace darussa da tsarin maki, kuma idan ƙasarka za ta nemi afostil a kanta, ka sa a buga shi kafin ka bar Turai.